A koya wa mutanen ƙauye gyaran famfonsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina son in yi tsokaci kan aikin sa kai na samar da ruwa a karkara. Masu haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah ya saka musu da alheri, amma da yawansu da zarar an ɗauki hoton buɗewa sai su tattara nasu ya nasu.

Bayan 'yan watanni famfon tuƙa-tuƙa ya fara zuƙar iska. Sau da yawa wata 'yar roba ce ta cinye a can ƙasa cikin silinda, kuma ba wanda aka nuna wa yadda ake ciro ta. Shi ke nan mata da yara sun koma rafi tun da asuba, jarka mai lita 20 a ka, nauyin kilo 20 ke nan, yarinya kuwa ta makara makaranta.

Famfon Afridev an ƙera shi ne don mutanen ƙauye su iya gyara shi da kansu, ba kamar India Mark II ba, mai buƙatar ƙwararru da manyan kayan aiki. Ina roƙon ƙungiyoyi su horar da mutum biyu ko uku, har da mata, su bar musu sifana da robobin canji, sannan su dawo su duba bayan damina.

Naku,
Wani mai karatu