Haddar fomula daban, iya gina shafin lissafi daban

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ɗan sammin fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da matasan da ke koyon manhajojin lissafi na kwamfuta irin su Excel da Google Sheets, da kuma malaman da ke koya musu, dan akwai abun da ya daɗe yana damuna.

Duk wanda ya ce maka ya iya Excel, in ka tambaye shi me ya iya sai ya fara jero maka sunayen fomula, wato umarnin lissafin da ake rubuta wa manhajar, irin su VLOOKUP, IF, SUMIF kaman mai biya hadda. Toh ka ce ya buɗo fayil ɗin da ya haɗa wata shida da suka wuce ya nuna maka daga ina jimillar ƙasan nan ta fito, sai ka ga yana sosa ƙeya, shi da kanshi ya ɓace a gidan da ya gina.

Ni abun ya faru a kaina ne shi yasa nake magana. A wajen aikina na gaji wani fayil daga wanda ya riƙe kujerar kafin ni, mutumin kirki wallahi kuma ya fi ni sanin fomula nesa ba kusa ba, amma komai a shafi ɗaya ya zuba, bayanan da ake shigarwa da lissafin da rahoton duk a cakuɗe, ga wasu layuka a ɓoye ba wanda ya san me ke ciki. Sai da muka yi wata uku muna miƙa rahoto kafin na gano fomular jimilla ta tsaya a layi na 300 alhali bayanan sun daɗe da wuce nan. Excel bai ce uffan ba, ai shi abun da ka ce ya tara shi yake tarawa. Sannan akwai wani kaso da ya rubuta da hannu a cikin fomula a wurare sama da goma, da kason ya canja na gyara wasu na manta wasu, kaga lamba biyu a rahoto ɗaya suna ƙaryata juna. Kunyar da na sha ranar ba a magana.

Daga nan na koyi cewa kowace lamba mai iya canjawa gida ɗaya ake ba ta. Ka ware mata akwati guda, ka rubuta sunanta a gefe, sauran fomulolin su dinga zuwa can suna ɗauka, ranar da ta canja waje ɗaya zaka taɓa. Ka ware shafin shigar da bayani daban, na lissafi daban, na rahoto daban. Fomular da ke saman kwalam, wato jerin akwatuna na tsaye, ta zama ita ce har ƙasa, dan mugun abun da ya fi wahalar kamawa shine wani ya zo ya buga lamba da hannu a kan fomula a tsakiyar layi ɗari biyar, da ido ba zaka taɓa gani ba. Shi yasa ake ba akwatunan shigarwa kala daban a kulle sauran. Ita kuma doguwar fomular nan mai IF cikin IF cikin IF da yara ke alfahari da ita, a raba ta gida uku ko huɗu, ba wanda zai ba ka lambar yabo dan ka cusa komai a akwati ɗaya.

Kar wani ya ɗauka mu ƙananan ma'aikata kaɗai ne ke faɗawa ramin nan. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike cewa in bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abun da take samarwa, bunƙasar tattalin arzikinta na durƙushewa, 'yan siyasa suka dinga kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya yi ta lissafi ya kasa samun amsarsu, ya roƙi fayil ɗin suka ba shi, ashe fomular matsakaici ta bar ƙasashe biyar a waje, Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da aka gyara wannan da wasu matsalolin hanyar lissafin, matsakaicin bunƙasar ƙasashen masu bashi sama da kashi 90 ya tashi daga kashi -0.1 ya koma kashi 2.2 cikin ɗari. Kuskure irin nawa sak, fomula ba ta kai inda ya kamata ta kai ba, kuma abun da ya tona shi ba wata manhaja ba ce, ido na biyu ne. Na yaba musu da suka ba da fayil ɗin, da yawanmu ko abokin aiki ba ma yarda ya leƙa namu.

Sai kuma sanin inda ƙarfin abun ya ƙare. A watan Oktoban 2020 lokacin korona, hukumar lafiya a Ingila ta rasa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu daga rahotonta, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel mai suna XLS wanda layi 65,536 kawai yake ɗauka, da ya cika sauran suka zube ba gargaɗi. Sabon tsarin XLSX yana kai layi 1,048,576, amma shi ma ai yana da ƙarshe. In bayananka kullum ƙaruwa suke kuma mutane da yawa ke shigarwa, aikin ya zama na rumbun bayanai, wato manhajar da aka yi musamman dan adana bayanai masu yawa, ba na Excel ba.

Akwai kuma shisshigin da Excel ke yi da kanshi. Ka buga lambar waya ya cinye sifirin farko, ka buga lamba mai tsawon da ya wuce 15 ya mai da sauran sifiri, ka rubuta 3-4 ya ce kwanan wata ne. Masana ƙwayoyin halitta sun sha wannan har suka gaji, sunayen ƙwayoyin irin su MARCH1 da SEPT1 suna komawa kwanan wata, a 2020 dole aka canja musu suna zuwa MARCHF1 da SEPTIN1. Maganin kuwa ɗan ƙarami ne, ka mai da kwalam ɗin na rubutu tun kafin ka zuba komai, amma ni dai ba wanda ya faɗa min a aji.

Toh roƙona ga malamai, bayan kun koyar da fomula ku ɗauko fayil mai kurakurai da gangan ku ba ɗalibai su nemo. Ku koya musu gwada shafi da ƙananan lambobin da suka san amsarsu da ka, su tara ta tsaye su tara ta kwance su ga ko sun haɗu, su sa akwati ɗaya da zai yi ja in ba su haɗu ba. Su saba rubuta ɗan bayani a shafin farko, wa ya haɗa, dan me, daga ina bayanan suka fito, yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, su kuma daina sa wa fayil suna na ƙarshe, na ƙarshe 2, na ƙarshe na gaske. Ranar jarrabawa kuma kowa ya miƙa fayil ɗinshi ga na kusa da shi ya yi shiru, in ɗan uwanshi ya iya aiki da shi ba tare da ya tambaye shi komai ba, a ba shi makinshi.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku a kullum