Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke sayar da tikitin wasannin ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na fito da wannan wasiƙa fili ne don sau uku ina aika muku koke ta imel, ba abin da ke dawo mini sai saƙon nan na na'ura mai cewa an karɓa, za a duba.

Shekara 14 ke nan ina sayen tikitin kakar wasa. Na zauna a filin nan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na kalli wasannin tsakiyar mako da ƙananan ƙungiyoyi lokacin da rabin kujeru ba kowa. Ranar da kuka buɗe sayar da tikitin wasan kusa da na ƙarshe, na shiga shafinku tun kafin lokacin da kuka sanar. Aka sa ni a layi, lambata ta yi ta raguwa, ana gab da zuwa kaina sai shafin ya tsaya cak. Da na sake shiga aka mayar da ni can baya. Ba a yi minti 20 ba aka ce tikiti ya ƙare. A daren nan na ga kujerun ɓangarenmu a shafukan 'yan bumburutu, an ninka kuɗinsu ninkin ba ninkin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san fili ba zai ɗauke mu duka ba, dole wani ya rasa. Da ƙuri'a aka jefa a gaban kowa ban ci ba, da ban ce uffan ba. Amma tsarinku na wanda ya riga shiga shi ke da rabo, ƙarfin intanet yake aunawa, da wanda ba shi da aikin yi da hantsi a ranar aiki. Ma'aikaciyar jinya da ke bakin aiki ta rasa tun kafin a fara. Dattijon da bai iya waya sosai ba ma haka. Kuma ba ɗan Adam da zai tsere wa manhajojin da 'yan bumburutu ke sakawa su kwashe tikiti cikin daƙiƙoƙi.

Sai babbar tambayata: tikiti nawa ne ma aka sa a kasuwa? Nawa aka ware wa masu ɗaukar nauyi, nawa ga manyan baƙi, nawa aka haɗa da liyafa aka tsawwala musu kuɗi? Ba ku taɓa faɗa ba. Magoya baya sun daɗe da sanin inda kujeru ke sulalewa. A wasan ƙarshe na gasar Europa a Baku a 2019, Arsenal da Chelsea tikiti 6,000 kowacce ta samu, a filin da ke ɗaukar mutum fiye da 60,000. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Paris a 2022, Liverpool da Real Madrid sun samu kimanin 20,000 kowacce daga cikin kujeru 75,000. An yi ta guna-guni a kan rabon, amma ko ba komai hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta bayyana alƙaluman, shi ya sa aka samu abin yin gardama a kai. Ku kuwa kun bar mu muna lalube cikin duhu, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za ku ce mai makin halartar wasa da yawa kamar ni ba zai nemi komai ba sai a fifita masu maki. Gaskiya ne ina son a koma ga tsarin tara maki, wanda ya fi halartar wasa a fara da shi. Sai dai na san cutar da ke cikinsa, don na gan ta da idona. Akwai waɗanda suka shekara ba su taka filin ba, suna sayen tikiti su miƙa wa wasu don kada makinsu ya sauka. Da haka ƙofar ke rufewa: ba ka samun tikiti sai da maki, ba ka samun maki sai da tikiti. Matashi ɗan shekara 18 ta ina zai shiga? Don haka a riƙa ba da maki a bakin ƙofa, lokacin da mutum ya shiga da kansa, ba lokacin da ya biya kuɗi ba. A ware kaso mafi tsoka ga masu maki, a kuma bar wani kaso da za a jefa ƙuri'a a kai tsakanin duk mambobi, a ba da kwana biyu ko uku kowa ya yi rajista a natse. Ko hakan zai sa ni kaina in rasa wani wasan, na yarda.

Batun 'yan bumburutu ba ya buƙatar dogon bayani. Ku sa sunan mai tikiti a jikinsa, ku taƙaita adadin da mutum ɗaya zai saya, wanda uzuri ya hana shi zuwa ya mayar muku ku sayar wa na gaba a layi a kan kuɗinsa na asali. A Ingila tun 1994 doka ta haramta sayar da tikitin ƙwallon ƙafa ba da izini ba. Ku da kuke riƙe da bayanan duk wanda ya saya, gano asusun da ya kwashi tikiti da yawa cikin daƙiƙa ɗaya ba zai gagare ku ba, in dai kuna so.

Kada ku ɗauka haƙurinmu ba shi da iyaka. A watan Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun fice daga filin Anfield a minti na 77 don ƙin amincewa da tikitin fam 77, cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye farashin. A shekarar ce kuma ƙungiyoyin Firimiya suka amince kada tikitin magoya bayan baƙi ya wuce fam 30.

Kafin ku buɗe sayar da tikitin babban wasa na gaba, ina roƙon ku wallafa yadda aka raba na wancan wasan, kaso-kaso, ku kuma zauna da wakilan magoya baya a kan sabon tsari. Amsar ma a ba da ita a fili, da sa hannun mutum mai suna.

Na gode.

Naku,
Mai tikitin kakar wasa a bayan raga