Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da injin cika bindigar iska

Zuwa ga Shugaban Sashen Ciniki da Kula da Abokan Hulɗa,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne saboda ƙorafin da na kai ta ƙofar da kuka tanada an yi kunnen uwar shegu da shi, kuma abin da nake kuka a kai ba nawa ba ne ni kaɗai. Duk wanda ya karanta tallarku ya sayi ƙaramin kwamfiresan nan naku, abin da aka gaya mini shi aka gaya masa, abin da aka ɓoye mini shi aka ɓoye masa. Ban sa sunan kamfaninku ba, domin gyara nake nema, ba tonon silili ba. Kun dai san kanku, kuma lambar rasiɗina tana cikin saƙonnin da ke gabanku.

Tallarku lamba ɗaya tak ta riƙe, ta ƙarfin matsin iska: bar 310, wato psi 4,500 a wani ma'aunin. Da manyan baƙaƙe kuka rubuta ta a jikin kwali da saman shafinku. Ba ƙarya kuka yi ba, injin yana kaiwa can. Kuma lamba ce mai burge sabon shiga, tunda tayar mota bar biyu da ɗoriya take sha, injin iskar masu faci da masu fenti kuma bai cika wuce bar 8 zuwa 10 ba. Amma wanda ya san harkar ya san ba a zaɓen inji da wannan lamba, domin kusan duk injinan wannan aji suna kaiwa can. Abin da mai saye yake buƙatar sani shi ne lita nawa na iska injin ke turawa a minti ɗaya, minti nawa zai yi yana aiki kafin dole a kashe shi ya huce, da me ake sanyaya shi, sannan ina ruwan da ke cikin iskar yake tafiya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a tallarku.

Ni kuwa ban yi cinikin biri a sama ba. Kafin in biya, na rubuta wa ma'aikacinku na gaya masa abin da nake da shi: bindigar iska da nake wasan harbin allo da ita, mai bututu cc 300 da ake cikawa zuwa bar 250, da kuma tukunyar ajiyar iska ta zaren kabon mai lita 6.8 da ake cikawa zuwa bar 300. Na tambaye shi ƙarara ko wannan inji zai iya cika tukunyar. Amsarsa tana nan a wayata: "Zai cika duka biyun, ba wata matsala."

Bari mu yi lissafin da ya kamata a ce shi ya yi mini. Idan na harba bindigar ta sauko zuwa bar 150, ina so in mayar da ita 250, iskar da nake buƙata ita ce kaso uku cikin goma na lita (cc 300 ɗin nan) sau tazarar bar 100, wato kimanin lita 30 ta iskar sarari. Tukunya mai lita 6.8 kuwa, daga wayam zuwa bar 300, kusan lita 2,000 take ci. Aikin ya ninka fiye da sau 60. Injin da ke gama bindiga cikin minti uku sai ya haura awa uku yana gurnani kafin ya gama tukunya. Injinku ɗan fistan ne da ba ya shan mai, zobensa na roba mai tauri, abin sanyayawarsa fanka ce kawai. Ba a gina shi don haka ba. Manyan injinan da ke cika tukwanen masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, irin waɗanda Bauer ta Jamus da Coltri ta Italiya ke ƙerawa, ƙanana daga cikinsu ma lita 100 suke bayarwa a minti, su gama irin wannan tukunya cikin minti 20 ko kusa da haka. Mai sayar da kwamfiresa da bai san wannan bambanci ba bai kamata a bar shi yana amsa tambayar jama'a ba. Idan kuma ya sani ya faɗa mini akasin haka, to abin ya fi muni.

Abin da lissafi ya nuna shi ya faru. Na riƙa cika tukunyar kaɗan-kaɗan ina ba injin hutu, duk da haka kan silindar yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Ba a jima ba ya fara warin ƙonannar roba, allurar gejin da ke nuna matsi ta riƙa maƙalewa a wajen bar 180 tana rawa, ta ƙi gaba. Da na kwance filta sai na ga audugar ta yi baƙi ƙirin da garin zoben fistan da ya cinye. Na aiko muku da hotuna. Amsar da na samu layi biyu ce: garantina ya faɗi, saboda an yi amfani da injin wajen cika tukunya, kuma 'yar takardar da ke cikin kwali ta hana haka. Na duba, tabbas akwai wannan gargaɗi, da rubutu ƙanana a bayan takardar. Ashe ke nan kun sani. Kun sa gaskiya a cikin kwali inda ba mai ganin ta sai ya riga ya biya, kun bar zaƙin baki a waje. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, fiye da lalacewar injin.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta sa na ce ba zan yi shiru ba. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da danshi. A zafin digiri 30, idan iska ta ƙoshi da laima, kowace lita 1,000 tana riƙe da ruwa kusan giram 30. Idan aka matse ta cikin ɗan wuri ta huce, ba ta iya riƙe wannan ruwa, dole ya zubo. Ma'ana, cika tukunya ɗaya a rana mai laima na iya tura ruwa har giram 60 ta cikin injin. Wannan ruwa ko dai inji ya raba shi ya zubar, ko ya bi tiyo ya shige tukunya da bindiga. Babu hanya ta uku. Abin da kuka saka don tare shi ɗan dunƙulen auduga ne da bai wuce girman yatsa ba, kuma kuka rubuta a talla cewa injin yana ba da "busasshiyar iska". Auduga tana kama ɗigo da datti, ba ta kama tururi. Mai kama tururi shi ne ƙwayoyin tsotse danshi da ake zubawa cikin doguwar filta a ɓangaren matsi mai ƙarfi, bayan kwalbar raba ruwa, kuma su ma suna ƙoshi a sauya su. Don a ga nisan tazarar: ƙa'idar Turai ta EN 12021, wadda ta shafi iskar shaƙa, ba ta yarda iskar da ke fitowa daga kwamfiresa ta wuce miligiram 25 na ruwa a lita 1,000 ba. Ban ce bindiga tana buƙatar iska mai tsabtar ta numfashi ba, amma mai kiran iskarsa busasshiya ya kamata ya san abin da kalmar ke nufi a wannan sana'a.

Bindigata ta fara sace iska cikin dare, na kai wa mai gyara. Da ya buɗe bututun ya haska tocila ciki ya miƙo mini in leƙa. Can ƙasa, daidai inda ruwa ke kwanciya idan an jingina bindiga, akwai tabon tsatsa ja-ja, da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Sifirin ɗin bawul ma ya yi tsatsa. Daga waje bindigar fes take, tana ƙyalli. Wannan shi ne haɗarin: ɓarnar tana ci daga ciki, a jikin ƙarfen da ke riƙe da bar 250, wanda mutum ke rungumewa a kafaɗa ya kai fuskarsa kusa da shi. Ba banza ba aka wajabta gwajin tukwanen iska da matsin ruwa lokaci-lokaci. A Amurka tukunyar zaren kabon duk shekara 5 ake gwada ta, kuma galibinsu shekara 15 ce iyakar rayuwarsu. Abin da hukumomi ke ɗauka da wannan nauyi, ku kun bar shi a hannun dunƙulen auduga.

Akwai kuma abin da na roƙe ku ku bincika tun a saƙona na baya, ba ku ce uffan ba. Lokacin da na yi ƙorafin raguwar ƙarfin injin, wani ma'aikacinku ya ba ni shawara in ɗiga man inji ta mashigar iska don fistan ya yi laushi. Ban yi ba, kuma ina roƙon duk wanda aka ba irin wannan shawara kada ya yi. Injin dizal ba shi da filogi. Matsin iska ne kaɗai ke zafafa ta har mai ya kama da wuta. Man da aka samo daga fetur, idan ya haɗu da iska mai zafi a bar 300, abin da zai iya faruwa ke nan a cikin tiyo ko filta da ke hannun mutum. Shi ya sa a wannan ɓangare man silikon kaɗai ake shafa wa zoben roba, injinan da ke shan mai kuma suna da nasu na musamman mai jure zafi. Mutum nawa wannan ma'aikaci ya gaya wa haka kafin ni? Wannan tambaya ta hana ni sukuni, ya kamata ta hana ku.

Sauran ƙananan abubuwa zan taɓa su a gurguje. Na'urar da ke kashe injin da kanta idan matsi ya kai, wadda kuke alfahari da ita, ba ta da gaskiya: na saita ta a 250, gejin mai gyara da aka tantance ya nuna ta wuce da kusan bar 20. Na san kowane geji yana da kuskurensa, mai aji 2.5 (wato kuskuren kashi 2.5 cikin ɗari) da ke karanta har bar 400 yana iya kaucewa da bar 10, amma naku ko ajinsa ba a rubuta ba. Ɗan faifan kariya da ake so ya fashe idan matsi ya wuce kima ba lamba a jikinsa, ba na canji a kwali. Tiyon ma ba a buga iyakar matsinsa ba. Masu tsara mahaɗin DIN, wato bakin da ake murɗa kaya a kan tukunyar iska, sun ba na bar 300 layin haƙora bakwai, na bar 232 layi biyar, don kada kayan ƙaramin matsi su zauna a kan babbar tukunya ko da mutum ya yi kuskure. Haka masu tsoron ran mutane suke aiki.

Kada ku ɗauka ina cewa ƙaramin inji ba shi da amfani. Yana da shi ƙwarai. Tun zamanin bindigar Girandoni da sojojin Ostiriya suka fara riƙewa a wajejen 1780, wadda sai an buga famfo kusan sau 1,500 kafin ta cika, wahalar mai bindigar iska ita ce cikawa, kuma duk wanda ya taɓa danna famfon hannu zuwa bar 200 ya san abin da baya da kafaɗa ke sha. Ga mai bindiga ɗaya da ke cika ta kai tsaye, ɗan injin da ke aiki da batirin mota na bolt 12 rahama ne, muddin an gaya masa yana jan wuta kusan amfiya 30, don haka ya bar motar a kunne, kuma ya ƙara filta ta gaske. Mai tukunya yana buƙatar inji mai sanyaya da ruwa, ko babban nan mai matakai uku ko huɗu. Da ma'aikacinku ya gaya mini haka, da na ƙara kuɗi na sayi wanda ya dace, a wurinku, ina godiya. Gaskiyar ba za ta rage muku ciniki ba.

Ga abin da nake nema. Ku karɓi injinku ku mayar mini da kuɗina, domin a kan maganar ma'aikacinku na saya, kuma maganarsa taku ce. Ku ɗauki nauyin sabon bututu da bawul na bindigata. Takardar mai gyara da hotunan tsatsar suna cikin abin da na aiko. Wanda ya fi waɗannan muhimmanci a wurina shi ne tallar: ku fito da gargaɗin nan daga cikin kwali ku sa shi kusa da lambar 310, da baƙaƙe masu girma ɗaya. Ku rubuta lita nawa a minti, minti nawa na aiki da na hutu, da girman tukunyar da bai kamata a wuce ba. Ku cire kalmar busasshiyar iska har sai kun saka filtar da ta cancanci sunan. Sannan ku bi sawun waɗanda suka riga suka saya, ku aika musu da saƙo cewa kada su kusanto da man inji, kuma su kai bindigoginsu a leƙa cikin bututu. Kuna da lambobinsu, da su kuke aiko mana da tallar sababbin kaya.

Ina jiran amsarku a rubuce cikin kwana 14. Idan ba ta zo ba, zan miƙa saƙonnin, hotunan da injin kansa ga hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma a wannan karon da sunanku a kai.

Na gode.

Naku,
Wani abokin cinikinku