Amsa ga ƙanena game da zama Kirista a ƙasar da babu majami'a

Ƙanena,

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa, tunda babu majami'a ko ɗaya da ake buɗewa don sujada a Saudiyya, me ya rage mini na Kiristanci bayan shekarun da na yi ina aikin jinya a Riyad. Ban ji zafin tambayar ba, domin ni ma na yi wa kaina ita da hawaye a Lahadina ta farko, wadda a nan ranar aiki ce kamar kowace rana.

A gida, in an ce wace ce ni, zanen zumuntar mata ne ke amsawa, da kiɗan tulu, da kujerar da nake zama kusa da mama. Yau zanen yana ninke a ƙasan akwati. Sai da aka raba ni da waɗannan duka na gane cewa na daɗe ina jingina da taron mutane, alhali Yahaya 1:12 ta ce waɗanda suka karɓi Almasihu, suka ba da gaskiya ga sunansa, su ne aka ba ikon zama 'ya'yan Allah. Wannan matsayi kyauta ce, ba gini ne ya ba ni shi ba, kuma bai tsaya a filin jirgi ba ranar da na taso. Shi nake tunawa da tsakar dare idan ina gyara wa wata tsohuwa ƙarin ruwa, ina yi mata addu'a a zuci, ita kuma tana sa mini albarka da Larabci.

Ba na ɓoye maka cewa ina kewar jibin Ubangiji ƙwarai, gurasar nan da ƙoƙon da muke rabawa a majami'a don tunawa da mutuwar Almasihu, kuma ba zan taɓa cewa zumunci ba shi da muhimmanci ba. Ranar Juma'a nakan buɗe Littafi Mai Tsarki a ɗakina tare da abokiyar aikina 'yar Filifin, ita da harshenta, ni da Hausa, mu riƙe alkawarin Matiyu 18:20 game da mutum biyu ko uku.

Ka kuma sani cewa ba mu ne farkon masu bi a ƙasar nan ba. A Najran, can kudu, wajen shekarar 523, Kiristoci sun yarda a kashe su a hannun sarki Zu Nuwas maimakon su yi musun Almasihu. Ina so in je in ga garin kafin kwantiragina ya ƙare.

Ka gaida mama, ka ce mata har yanzu ina rera waƙoƙin da ta koya mini.

Yayarka,
daga Riyad