Zuwa ga Edita: Ba a yi wa matar Kumo adalci ba a gasar gashin kek

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan abin da aka yi wa baiwar Allah nan ta Kumo a shirinku na gasar gashin kek a talabijin ranar Asabar da daddare, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu raina a ɓace yake. Ka san wadda nake nufi, mai shuɗin hijabin nan da ke teburin ƙarshe ta wajen ƙofa. Fitar da ita da aka yi daga gasar ya dame ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da alƙalin nan mai farar hula ya yaɓa mata a bainar jama'a. Ku kuma ba ku yanke wurin ba, har kuka sake sakawa ranar Lahadi da rana, don wanda bai gani ba ma ya gani.

Kek ɗinta ya ƙone ta sama, cikin bai nuna ba, tsakiyar ta lotsa. Wannan ba mai musu, kowa ya gani. Da aka tambaye ta abin da ya faru, ta faɗi gaskiya, ta ce ita a tukunya take gashi da yashi da gawayi, ba ta taɓa kunna obin na lantarki ba sai ranar. Shi kuwa sai ya ɗaga yankan kek ɗin da cokali mai yatsu yana juya shi, ya ce nan ba ƙauye ba ne, gashin yashi ƙazanta ce, wadda ba ta iya obin ba me ya kawo ta. Wasu suka kwashe da dariya. Mai ɗaukar hoto ya kai kyamara kan fuskarta ya tsaya cak. Mace ce da ta yi sa'ar uwarsa! Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ba ta ce uffan ba. Wallahi sai da na tashi na bar wajen kallon, yara suna tambayata lafiya.

Malam Edita, ni ma da yashi nake gashi, a nan Jekadafari, kuma da wannan sana'ar nake taimaka wa maigida da kuɗin makarantar yara. A hannun Goggona na koya. Tunda alƙalinku bai san yadda ake yi ba, don Allah ka karanta masa wannan. Yashin rafi ake samowa mai ɗan tsakuwa, a wanke shi a zubar da ruwa, a sake wankewa har sai ruwan ya fito garau, a shanya a rana ya bushe, a tankaɗe. Sai a zuba a gindin babbar tukunya, kaurin yatsu uku, a rufe a ɗora a kan gawayi har sai ya ɗau zafin da in ka kai tafin hannu sama da shi ba ka iya barinsa. Sannan a jera gwangwanayen kek a kai, a kife murfi a zuba garwashi a samansa. Wutar ƙasa kaɗan, ta sama ta ɗan fi ta. Yashin nan ko ƙwaya ɗaya ba ya taɓa kek, aikinsa kawai ya riƙe zafi ya raba shi daidai don kada gindi ya kama. Yashin da aka wanke, kuma ya sha wuta irin wannan, ina ƙazantar take a ciki?

Mu ba mu da agogon da zai yi ƙara ya ce ya gasu, ba mu da lambar da za mu murɗa. Da hanci muke ganewa. Akwai ƙamshin da ke tashi lokacin da kek ya fara kumburi, akwai wanda ke zuwa in ya kusa, kuma in ka ji wani ɗan ɗaci-ɗaci ya shigo to maza ka rage garwashi. Daga nan a soka tsinke mai tsabta a tsakiya, in ya fito fes an gama. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, da asuba nake buga bota da sukari, don in rana ta ɗaga botar narkewa take yi, kek ya fito a cushe. Da hunturu kuwa sai na ajiye ta kusa da murhu ta saki jiki kafin ta bugu. Duk wannan ilimi ne, kuma na tabbata matar nan ta Kumo ta san shi fiye da ni, don na ga yadda take buga ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa, na ga yadda ta juya fulawa a hankali da ludayi don kada iskar da ta shiga ta fita. Hannun gwana ba ya ɓuya. Kwaɓinta lafiya lau yake, na rantse. Obin ɗin ne ya cuce ta.

Ai kun manta ita ce ta zo ta ɗaya a makon farko, da aka yi cincin da dubulan? Shi wannan alƙalin da bakinsa ya ce bai taɓa cin dubulan mai laushin nata ba. Mako ɗaya tsakani ta zama ƙazama?

Ku koma ku kalli hoton da kanku. Lokacin da mai gabatarwa ya ce a fara, kowa ya ruga ya kunna nasa, ita kuwa ta tsaya a gaban obin ɗin tana kallon maɓallan. Takardar da kuka ajiye mata da Turanci take. Yarinyar da ke tebur na kusa da ita, Allah ya yi mata albarka, ta matso za ta nuna mata, mai gabatarwa ya ɗaga hannu ya ce kowa ya koma wurinsa, doka ta hana. Sai ta murɗa abin da ta ga ya kawo wuta. 'Yata ta fari ta koyi girki a wajen koyon sana'a, tana ganin haka ta ce, "Inna, wutar sama kaɗai ta kunna, wadda ake gasa nama da ita." Shi ya sa sama ya yi baƙi ciki yana ɗanye. Ta kuma gaya mini cewa irin waɗannan obin masu fanka a ciki sun fi zafi, in takarda ta ce a sa zafi digiri 180 sai a rage kamar 20, kuma ba a buɗe ƙofa kek yana tsakar tashi, in iska mai sanyi ta shiga sai ya faɗa. Matar nan da ta ga hayaƙi ta yi ta buɗewa tana leƙawa, don ba wanda ya gaya mata. Wannan bayanin duka ba zai ɗauki minti biyar ba. Minti biyar kuka hana ta, sannan kuka hukunta ta a kan abin da ba ku koya mata ba. Tamkar ka ɗauko gwanin Keke Napep ne ka ɗora shi a kan tirela, in ya kasa ka ce bai iya tuƙi ba.

Mai gabatarwarku ya sha faɗa cewa daga gasar Ingila kuka ɗauko salon shirin. To ni ma na ga wannan gasar, yarana suna nuna mini guntayenta a waya. Tun 2010 ake yin ta. A can, cikin gwaji uku da ake yi kowane mako, biyu tun daga gida masu gasa sun san abin da za su yi, suna gwadawa kafin su zo. Na ukun da ake ba su ba zato, alƙalai fita suke yi daga wurin, in sun dawo su tarar da faranti a jere, su ɗanɗana ba su san na wane ne ba. Ku fa? Alƙalanku suna tsaye a kan mutum, sun san wadda ta zo da jaka mai tsada, sun san wadda ta zo daga Kumo a motar haya. A 2015 wata Musulma mai lulluɓi, Nadiya Hussain, 'yar asalin Bangladesh, matar gida mai 'ya'ya uku, ita ta lashe gasar can. A zagayen farko ma ita ta zo ta ƙarshe a gwajin ba-zatan, amma ba wanda ya ci mata mutunci, aka gaya mata inda ta kuskure ta gyara. Shekara ta zagayo, a 2016, ita aka ba aikin kek ɗin cikar Sarauniyar Ingila shekara 90. Kun ɗauko teburan da agogon da kiɗan, kun baro adalcin a can.

Kuma a sanarwarku ta farko cewa kuka yi gasar ta matan gida ce da ba su yi makarantar girki ba. Ku faɗa mini tsakani da Allah, matan gida nawa ne a Bolari da Pantami da Herwagana da Tudun Wada suke da obin na lantarki? Wadda take da shi ma, wutar da za ta kunna shi tana ina? Ga madatsar Dadin Kowa nan kusa da mu tana ba da megawat 40, amma wace mai sana'a ce za ta kwaɓa kek na amarya ta zauna jiran wuta? Masu samun wuta sosai kuwa, a Afrilun 2024 sai da aka mai da musu kuɗin kowane yunit Naira 225. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareto ma sai wane da wane. Fulawa kuwa ba a magana, mafi yawan alkamar da ake yin ta da ita daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka fara yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 buhu bai sake komawa inda yake ba. Da wannan tsadar mace ba ta da fulawar da za ta ɓata a gwaji. Gawayi da tukunya su ne suka rufa mana asiri. In aiki ya yi yawa, kamar da Sallah ko lokacin haɗa gara, sai mu jera gireba da kek a manyan faranti mu kai gidan burodi, in sun gama kwashe burodinsu a saka mana a sauran zafin, mu biya. Masu gurasa kuwa a tanderu suke manna ta tun kaka da kakanni. Duk wannan alƙalinku ya tattara ya kira ƙauyanci. Ina so in san kek ɗin da aka raba a bikin gidansu a ina aka gasa shi.

Ba ita kaɗai ya zaga ba. Washegari wata da nake yi wa kek na suna ta kira ni tana tambaya, cikin dariya-dariya, wai gaskiya ne a yashi nake yi, don maigidanta ya gani a talabijin an ce ba tsabta. Shekara da shekaru tana cin na hannuna ba ta taɓa tambaya ba. Sai da na ce ta zo gida ta ga yadda nake yi da idonta. Ta zo, ta gani, ta bar aikin a hannuna. Amma wadda ba a kira ta an tambaye ta ba fa, aka janye ciniki shiru? Maganar da aka yi a talabijin tana shiga gidan da mu ba za mu iya shiga mu kare kanmu ba. Ita kuma baiwar Allah ta Kumo, da wane ido za ta kalli masu sayen kayanta? Addata tana aure a can, ta ce mini unguwarsu gaba ɗaya sun taru a gida ɗaya suna kallo a daren, har da 'ya'yan matar.

Abin da nake nema a wurinku ba mai wuya ba ne. Alƙalin nan ya fito a cikin shirin, ba a bayan fage ba, ya ba ta haƙuri, ya janye kalmar ƙazanta. A dawo da ita gasar, a ba ta yini guda ita da duk wadda ba ta saba ba su koyi obin ɗin, a rubuta takardar da Hausa. Sannan in da gaske gwanar gashi kuke nema, ku ware mako ɗaya ku kashe lantarkin nan, ku fito da kowa tsakar gida, ku ba kowace tukunya da yashi da gawayi. A nan za a ga wadda ta san wuta. In ba ku da wanda zai yi alƙalancin wannan, akwai tsofaffin masu gireba da alkaki a kowace unguwa ta garin nan, ku ɗauko ɗaya ku zaunar da ita a kujerar.

Tunda na riga na rubuto, bari in ƙara da wani abu da ya daɗe yana damuna. Tallan mai maganin gargajiyan nan da kuke sakawa bayan labaran ƙarfe takwas, don girman Allah ku dube shi. Mutum ya zauna yana zayyana cutar basir da sha'anin ma'aurata da kalmomin da ko a tasha ba a faɗa, kuma a lokacin da gida ya cika, yara suna zaune, surukai suna zaune. Baban maigidana yana tare da mu, da an fara tallan sai ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata. Sautinsa ma ya fi na labaran ƙarfi, kafin ka lalubo abin rage murya an riga an faɗi abin da za a faɗa. In kuɗin tallan ne ba za ku iya bari ba, ku mai da shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko ku sa shi ya gyara bakinsa.

Na gode. Allah ya taimaka.

Mai kallonku,
daga Jekadafari, Gombe.