Wasiƙa zuwa Jakarta, kan "mata" da ba mata ba

Assalamu alaikum Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya karatu, ya baƙunta? Allah ya sa a gama lafiya. Saƙonka ya iso tun makon jiya. Abin da ya hana ni amsawa da wuri shi ne tambayarka ta fi ƙarfin layi biyu, na ga gara in sami natsuwa in rubuto maka a tsanake.

Ka ce ranar da ka fara shiga gari ka ga allo an rubuta "dokter mata", ka ɗauka likitan mata ne, sai daga baya aka gaya maka likitan ido ne, domin a harshen Indonesiya "mata" ido ke nan. Ka ce tun ranar kake ta tsintar kalmomi masu kama da namu, har zuciyarka ta fara raya maka ko akwai wata tsohuwar dangantaka tsakaninmu da su wadda tarihi ya manta. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don abu ne da na daɗe ina bibiya. Sai dai a wannan kalmar babu dangantaka ko ta anini. Kama da wane ba wane ba ne.

Kuma ba Indonesiya kaɗai ba ce. Ɗauki "rana". A Sifaniyanci da Italiyanci, waɗannan haruffa huɗu kwaɗo suke nufi, sun gaje ta daga Latin, shi ya sa a 1758 masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa wani rukunin kwaɗi suna Rana, sunan da masana halittu ke amfani da shi har yau. A harshen mutanen Poland kuwa "rana" rauni ne. "Ina" da muke tambaya da ita, a Tagalog na ƙasar Filifin uwa ce. "Kai" a harshen Hawai teku ne. Kalmar "jam" da kake gani a jikin ƙofofin ofisoshi a can awa ce ko agogo, ga Bafulatani lafiya ce, ga Bature kuma cunkoso. Akwai ma wadda ya kamata duk Bahaushe mai tafiya Kenya ko Tanzaniya ya sani: "kuma" da ba ma iya jimla uku ba mu faɗe ta ba, a Swahili sunan al'aurar mace ne, zagi ne mai nauyi. Mutum yana hirarsa da ɗan'uwansa da zuciya ɗaya, na kusa da shi yana jin ashar.

Dalilin farko lissafi ne kawai. Bakin ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, sautukan da yake iya fitarwa ba su da yawa. A ce harshe yana da baƙaƙe 20 da wasula 5. Gaɓoɓin baƙi da wasali da zai iya ginawa 100 ne, kalmomi masu gaɓa biyu kuma 10,000. Yanzu ka tuna harsunan duniya sun kai wajen 7,000, kowanne da dubban kalmomi, kuma da yawansu, kamar Hausa da Swahili da harshen Indonesiya, suna son gajerun kalmomi masu baƙi da wasali a jere. Harshen Hawai ma baƙaƙensa 8 ne kacal. Jama'a mai yawa a ƙaramin fili, dole kafaɗa ta gogi kafaɗa. Da a ce an rasa irin wannan karo gaba ɗaya, da shi ne abin mamaki.

Dalili na biyu shi ya fi ɗaukar hankalina, kuma a nan nake so ka tsaya. Sau da yawa kalmomin ba su ma yi kama a baki ba, a takarda kawai suka haɗu, kuma mutane ne suka zauna suka haɗa su ba da saninsu ba. Dubi "can". Mu muna nuna nesa da ita. Bature ya ga haruffan nan uku zai karanta "kan", yana nufin iyawa ko gwangwani. Baturke zai karanta "jan", wato rai, kalmar da suka aro daga Farisanci. Harafi ɗaya, sauti uku. To yaushe suka zama rubutu ɗaya? Turkawa da haruffan Larabci suke rubutu har 1928, lokacin da shugabansu Mustafa Kemal Atatürk ya mayar da ƙasar kan haruffan Latin, aka ba wa "c" aikin sautin ja. Mu kuma a ajami muke rubuta tamu, Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko "chan" suke sawa, kafin a tsayar da "c" ita kaɗai. Ka ga kamannin nan bai ma cika shekara ɗari ba.

Na inda kake ya fi wannan ƙuruciya. Kalmar "cat" da za ka gani a jikin gwangwanin fenti, wadda mai Turanci zai ɗauka kyanwa ce, kafin 1972 "tjat" ake rubuta ta a Indonesiya bisa tsarin da suka gada daga mutanen Holan, a Malesiya kuma "chat". A shekarar ne ƙasashen biyu suka daidaita rubutunsu, "tj" ta koma "c", "dj" ta koma "j". Garin da kake zaune ma Djakarta ne a tsofaffin takardu, "jam" kuma "djam". Kwamiti ne ya haifi wannan kamannin da alƙalami, ba kakannin kowa ba.

Sannan mu ma bokonmu yana ɓoye abubuwa. Ba ma rubuta karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala rubutu ɗaya ne, kunne ne ke raba su. Haka "fari" na launi da na rashin ruwan sama. Idan a cikin gida ma rubutu na haɗa abubuwan da baki ya raba, ina ga harshen da ke bayan teku? Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muke ƙara wa kanmu ruɗani a waya, muna yar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Da zarar "ƙasa" ta zama "kasa", ta faɗa rami ɗaya da macijin nan da kuma gazawa, har ta haɗu da "kasa" ta Turkanci, akwatin ajiyar kuɗi. Wannan karon mu muka jawo shi, kuma muna iya gyarawa.

Yanzu ga abin da nake ganin zai fi ba ka mamaki. Akwai kalmomin da da gaske muka yi tarayya da mutanen da kake cikinsu, amma ba za ka gane su da ido ba. "Waktu" ɗinsu da "lokaci" namu uwa ɗaya ta haife su, "al-waƙt" ta Larabci. "Kabar" da kake ji a gaisuwarsu ita ce "labari". "Kitab" kuwa "littafi". Mu mun haɗiye "al" ta Larabci muka bar lam ɗin manne a gaba, su kuma suka yar da ita. 'Yan'uwan gaske sun sauya kama saboda daɗewa a hanya, baƙi kuma suna sanye da riga ɗaya. Haka yake tsakaninmu da Larabci ta fuskar asali. Tun shekarun 1950 masanin harsuna Joseph Greenberg ya sa Hausa da sauran harsunan Cadi cikin babban dangin da Larabci da Ibrananci suke, kuma ba da kalma ɗaya ya kafa hujja ba, sai da jerin kalmomi da tsarin nahawu. "Mata" ta Larabci, wato ya rasu, 'yar'uwar "mutu" ce, ba ruwanta da matan Hausa.

Ko ma'ana ta zo ɗaya, bai isa hujja ba. A arewacin Ostareliya akwai harshen Mbabaram. Da masanin harsuna R. M. W. Dixon ya tambayi ɗaya daga cikin masu jinsa na ƙarshe sunan kare, sai ya ce "dog". Bincike ya nuna ba aro ba ne daga Turanci, tsohuwar kalmarsu ce "gudaga" ta zaizaye har ta koma haka. Shi ya sa idan na ji ana cewa ƙabila kaza daga ƙasa kaza ta fito saboda sunaye biyu sun yi kama, nakan ji ba daɗi, don tarihin mutane ya fi ƙarfin a gina shi kan haruffa huɗu.

Akwai abu guda da nake so ka tambayo mini. A harshensu "air", wadda suke furtawa "ayir", ruwa ne, ba iska ba kamar a Turanci. Hawaye sukan ce "air mata", ruwan ido. Idan aka juya kalmomin aka ce "mata air", ana nufin wurin da ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Bashir, idon ruwa ke nan, daidai yadda muke faɗa, kuma Balarabe ma "ain" yake ce wa ido da marmaro duka. Ranar da na fara sanin wannan na daɗe ina juya shi a raina: mutanen da ba su haɗa ko harafi ɗaya ba a kalmar, sun dubi ruwa yana tsattsafowa sun ga ido. Rana ma "matahari" suke ce mata, idon yini. Don Allah ka zauna da wani dattijo a cikinsu ka ji sauran abubuwan da suke kira da ido, ka rubuto mini su yadda ya faɗa, da yadda ake furta kowanne.

Ka gaishe da maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Kowa a nan yana gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Aminu