Zuwa ga ƙanena mai tambaya a kan "da": a'a, ba daga wurinmu mutanen Jojiya suka ɗauka ba

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, ba share ka na yi ba. Tambayar taka ce ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba, kuma tunda a gaban jama'a ka jefo min ita, har na ga wasu suna ta gyaɗa kai alamar ka burge su, sai na ga gara in amsa a inda kowa zai gani. Ga waɗanda ba su ji ba, ga abin da ya ce a taƙaice: wai ya gano a harshen mutanen Jojiya (ƙasar nan da ke tsakanin Rasha da Turkiyya nake nufi, ba jihar Amurka ba) kalmar "da" haɗa abu biyu take yi kamar tamu sak, sannan Rashawa suna da "da", Jamusawa suna da ita, Sinawa ma haka, to shin wannan ba hujja ba ce cewa daga Hausa duk suka kwasa, ko dai aƙalla tushenmu ɗaya?

A'a ƙanena, ba hujja ba ce. Amma fa ba ƙarya ka yi ba, duk waɗannan "da" ɗin akwai su, har ma da waɗanda ba ka lissafo ba.

Ni kaina na taɓa cin karo da ita ido da ido. Ina zaune a filin jirgin sama ina jiran canjin jirgi, wata mata a kujerar kusa da ni tana waya, ba abin da take cewa sai "da... da... da, da, da", ta yi shiru ta saurara, ta sake cewa "da". Wallahi sai na ji duk na takura, kunnena ya tsaya yana jiran ragowar maganar, da wa? da me? ki ƙarasa mana baiwar Allah! Ashe ita ta gama maganarta tsaf, "e, e, haka ne" kawai take cewa. A Rashanci "da" e ce, haka a Bulgariya da Sabiya da Romaniya. Kalmar da a wurinmu ba ta iya tsayuwa ita kaɗai sai ta jingina da wata, a wurinsu jimla ce sukutum.

Bajamushe in ya ce "da" yana nufin nan ko can, wani lokacin kuma "tunda". Baturke in ya ce "o da" yana nufin "shi ma". A Wels ta Birtaniya "da" ma'anarta mai kyau, shi ya sa gaisuwarsu ta safe "bore da" ce, ta dare "nos da". A Kanuri nama ce, a Bambara ta Mali baki ce ko ƙofa, a harshen Twi na Gana tana nufin rana ko kwanciya barci. Sunan Leonardo da Vinci, wanda aka haifa a 1452, ba wai Leonardo da wani abokinsa Vinci ba ne kamar yadda kunnen Bahaushe zai so ya ji, Vinci gari ne, "da" ɗin Italiyanci kuma "daga" take nufi. Ita kuwa ta Vasco da Gama, matuƙin jirgin ruwan nan ɗan Fotugal, daban ce ma, a harshen Fotugal kalmomi biyu ne, "de" da "a", suka narke suka zama ɗaya. Ka ga ko tsakanin Italiyanci da harshen Fotugal, da suke uwa ɗaya uba ɗaya, "da" ɗin wannan ba ta wancan ba ce.

To amma kafin mu yi nisa, mu dawo gida tukuna, don a nan ne tambayarka ta fara zamewa. Wace "da" ɗin Hausa kake nufi? Ɗauki wayarka ka rubuta wannan yadda yawancinmu muke rubutu, ba ƙugiya ba komai:

Da da ne da da da uba sun ji maganar juna.

"Da" biyar ke nan a jere, kuma na tabbata sai da ka koma ka sake karantawa kafin ta fito maka. Ta farko doguwa ce, murya ƙasa, ita ce ta "da a ce". Ta biyu doguwa ce mai faɗowa daga sama zuwa ƙasa, ita ce ta zamanin da. Ta uku abokiyar ta farko ce. Ta huɗu ba ma "da" ba ce sam, ɗa ne, wanda aka haifa, allon wayar ne ya cinye masa ƙugiya. Ta biyar ce kaɗai gajeriyar nan mai haɗa Audu da Bala. A baki ba mai rikita su, ko yaro ɗan shekara huɗu, rubutun boko ne da ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali ya sa musu riga iri ɗaya. To in a cikin Hausa kaɗai haruffan nan biyu suna ɓoye kalmomi huɗu, me kake tsammani in ka bi duniya da su?

Na Sinawa da ka kawo ma haka abin yake. In murya ta faɗo ƙasa da ƙarfi, "da" babba take nufi. In ta nutse ta sake tasowa, duka ce, a bugi abu. In ta hau sama kamar mai tambaya, amsa ce. Su a rubutunsu kowace da alamarta daban, ba su ma yi kama ba, sai an juye su zuwa haruffan Rumawa sannan suke zama abu ɗaya a idonmu. Na Biyetnam ya fi ba ni dariya: abin da suke rubutawa "da", wato fata, a Hanoi, babban birninsu da ke arewa, "za" ake furta shi, a kudancin ƙasar kuma "ya". Mai kama da ɗ ɗinmu kuwa wani harafi ne daban, d mai ɗan sanda a gicciye. Wato da yawa daga cikin kamannin da kake gani a takarda suke, in ka rufe ido ka saurara sai su watse.

Saura ta Jojiya, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankalinka, kuma ban ga laifinka ba. Gaskiya ne "da" ɗinsu tana haɗa suna da suna. Har wani abin sha'awa, 'yar'uwa ma "da" suke ce mata, don haka "'yar'uwa da ɗan'uwa" a bakinsu "da da dzma" ne. Amma matso kusa ka duba aikin da kowacce take yi. Tasu kamar "wa" ɗin Larabci take, tana haɗa jimla da jimla. Tamu ba ta yin wannan, ba ka cewa "ya zo da ya zauna", sai dai "ya zo ya zauna". Tamu kuma tana yin abin da tasu ba ta yi: na yanka da wuƙa, na zo da shi, ina da littafi, akwai mutumin da na sani, ya fi ƙarfina da nisa. Asalin tamu "tare da" ce, har mallaka ma da ita muke yi, "ina da" ai "ina tare da" ne in ka lura. A lungu ɗaya kawai suka haɗu, kowacce ta wuce harkarta. Kama da wane ai ba wane ba ne. Kuma dai a wannan harshe na Jojiya "mama" uba ne, uwa kuma "deda", in kana neman abin da zai rikita maka lissafin.

To me ya sa ake yawan samun irin wannan karo? Lissafi ne kawai, ba wani sirri. Ɗauki harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5, gaɓoɓi nawa zai iya ginawa masu baƙi ɗaya da wasali ɗaya? 100 kacal. Harsunan duniya kuma sun kai wajen 7,000, kuma d da a suna cikin sautukan da aka fi samu a ko'ina. Sannan kalmomin da aka fi yawan faɗa su suka fi gajarta, baki yana gajiya da su ya yi ta gutsure su har su koma gaɓa ɗaya, kuma ma'anonin da irin waɗannan ƙananan kalmomi suke ɗauka ba su da yawa, e, a'a, ni, kai, nan, can, da, ko, ne. Harsuna dubbai suna ɗiba daga kwando ɗaya mai 'ya'ya ɗari suna liƙa wa ma'anoni 'yan ƙalilan, ta yaya ba za a yi karo ba? Rashin karon ne ma zai zama abin mamaki. Masu lissafi suna da wani misali, in mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a samu biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya ta ɗara rabi, duk da kwanakin shekara 365 ne. Mutum yana jin abin kamar ba zai yiwu ba sai ya gwada.

Kuma ba mu kaɗai abin ya faɗa wa ba. A Japananci "da" tana aikin "ne" da "ce" ɗinmu, a harshen Bask na iyakar Sifen da Faransa ma "da" kusan aikin da take yi ke nan, alhali Bask harshe ne da har yau ba a samo masa dangi ko ɗaya a raye ba. Farisanci da Ingilishi duk suna cewa "bad" ga abu maras kyau, kuma da aka bi tarihin kowacce sai aka ga hanyarsu daban. Akwai ma wani harshen 'yan asalin Ostireliya, Mbabaram, da kare a cikinsa "dog" ne, kuma ba aro ba ne, daga tsohuwar kalmarsu ya gangaro ya faɗo daidai kan ta Bature. In Bagirke ya ce "ne" e yake nufi, in mutumin Sabiya ya ce "ne" a'a yake nufi, ga su kusan maƙwabta.

Ba ina cewa duk kamanni dace ne ba fa, kar ka ɗauke ni haka. Wani aro ne. Harshen Romaniya jikan Latin ne, 'yan'uwansa na Italiya da Sifen "si" suke cewa, shi kuwa "da" yake cewa, galibin masana sun tafi a kan daga maƙwabtansa masu harsunan Silab, wato dangin Rashanci irin su na Bulgariya da Sabiya, ya ɗauka, kamar dai yadda muka ɗauki littafi da labari daga Larabci. Wani kuma gado ne na gaske. A Latin "da" umarni ne, ba da. A Sanskrit ta Indiya saiwar bayarwa "da" ce, Barashe yana cewa "dai", Bafarishe yana cewa "dadan". Waɗannan kam jini ɗaya ne, kuma tun 1786 da masanin harsuna William Jones ya yi jawabinsa kan dangantakar waɗannan harsuna a Kalkata ta Indiya ake ta tattara hujjojin dangantakar, ba da kalma ɗaya ba, da ɗaruruwa, masu sauyawa bisa ƙa'ida iri ɗaya. Af, datar da kake sakawa a waya ma daga nan take, a Latin ma'anarta abubuwan da aka bayar.

In dangin Hausa kake nema da gaske, ba sai ka je Kokasas, yankin da Jojiya take, ba, kuma ba a "da" za ka fara dubawa ba. Jera waɗannan: gidanka, gidanki, gidanku. Sai na Larabci: baituka, baituki, baitukum. Ka, ki, ku, a jere, namiji da mace da jam'i, kowanne a mazauninsa. Ƙara da "ta" ta mace, ƙara da mutu da "mata" na Larabci, da suna da "ism", da me da "ma". Abin da ya sa wannan ya zama hujja waccan ba ta zama ba shi ne tsari ne guda ya zo a haɗe, kuma wakilin suna ba abin da harsuna suka cika ara ba ne. Da irin wannan ne masanin harsuna Joseph Greenberg, a rabe-raben harsunan Afirka da ya kammala a 1963, ya tabbatar da Hausa da sauran harsunan Cadi irin su Bole da Ngizim da Tangale da Bura a gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da Amharik da harshen Buzaye da tsohon harshen Masar. Ko a nan ɗin ma ba wanda ya haifi wani, kaka ɗaya suka haɗa can da nisa. Kuma ka lura suna da "ism" ba su ma yi kama sosai ba, haka dangi na nesa suke, shekaru dubbai sun goge musu fuska, wanda ya zo maka sak kamar an kwafa shi ne ma ya kamata ka fi tuhuma.

Abin da nake ji maka shi ne hanyar nan tana da santsi, in ka yarda da hujjar "da" to dole ka yarda da ta wanda zai zo gobe ya ce Hausa daga Jojiya ta fito, don hujjarku ɗaya ce, juya ta kawai ya yi. Ga ɗan aiki in kana da lokaci: ɗauki "ba" ko "ko" ko "ni", ka bi harsuna goma da ita, ka rubuta ma'anar kowacce da yadda ake furta ta a baki, ba yadda aka rubuta ba. In ka gama ka turo min, ina so in ga nawa za su yi karo da tamu. Amma don Allah wannan karon ka sa wa ɗ ɗinka ƙugiya, tambayar da ka rubuto min daga baya sai da na karanta ta sau uku.

Naka,
Yayanka